Mode Mai Guga da Dinyar Takarda

Duk wanda ya taɓa kai wanki bayan tashar mota a Bodinga ya san Mode. Rumfarsa ta kwano ce, jikin shagon Lirwanu tela. Tebur ɗaya ne a cikinta, an shimfiɗa masa bargo biyu da farin zane, sai duwatsun guga na gawayi guda uku, da igiyar shanya da ta bi ta baya har jikin wani dogonyaro. A gaban wannan tebur Mode ya yi shekara talatin da ɗaya a tsaye.

Mutumin Dingyadi ne. Mahaifinsa manomi ne mai 'ya'ya maza biyar, gonar kuwa ba ta isa mutum uku ba. Da Mode ya tasa sai ya shiga Sakkwato neman abin yi. Ya yi dako, ya yi ga-ruwa, daga baya ya faɗa hannun wani dattijo mai wanki da guga. Dattijon nan ba ya faɗa, ba ya kuma yabo. In ka ninke riga ya ga hannu ɗaya ya ɗara ɗaya, ko da faɗin farce ne, sai ya kama wuyanta ya girgiza ta warware, ya miƙo maka. Shekara huɗu Mode ya yi ana miƙo masa riga. Da ya ga an daina, sai ya yi sallama da maigidan nasa, ya dawo kusa da gida, ya kafa rumfa a Bodinga. A nan ya auri Zulai. Suka haifi Madina, wadda yanzu take aure a Shagari tana koyarwa a firamare, da maza biyu da suka tafi kudu neman abinci, sai Sallah ake ganinsu, wata Sallar ma sai a waya.

Guga kowa na yi. Abin da ya fitar da Mode shi ne ninki. In ya ninke babbar riga, ko kwana goma ta yi a akwati, ranar da aka warware ta karin zai sauko a miƙe daga kafaɗa har ƙasa, aikin wuyan bai tauye ba. Akwai mutanen Shagari da suke ba direbobi kayansu a kawo masa, su wuce masu guga nawa a garinsu. Makiyaya daga wajen Kajiji kan ɗauro kayan Sallarsu a bayan babur, su zauna a inuwar dogonyaron har ya gama. Shi dai ba ya ɗaukar wannan wani abin alfahari. In an yaba sai ya ce, "Haka anka koya mani," ya jawo wata rigar.

Tsayuwa a kan garwashi kuwa tana cin mutum a hankali. Tun yana ɗan arba'in da 'yan kai ƙafafunsa suke kumbura da yamma. Daga baya ciwon kai ya zo ya zauna masa a ƙeya. Wani mai kemis ya auna shi ya ce jininsa ya hau, ya ba shi ƙwayoyi ya ce kullum da safe. Mode ya sha na sati biyu, kan ya lafa, ya jefa sauran a aljihun wata tsohuwar riga. Zulai ta yi magana har ta gaji. Amsarsa ɗaya ce: bari Juma'ar nan ta wuce. Juma'a kuwa ba ta ƙarewa.

Ranar wata Alhamis da hantsi, shekara uku ke nan, yana goge farar shaddar wani Alhaji Yusuf mai sayar da hatsi, sai ya ji dutsen ya yi masa nauyi. Ya ce wa hannunsa ɗaga, hannun bai ji ba. Ya tsaya yana kallon hayaƙi na tashi daga ƙirjin rigar, ya san abin da ya kamata ya yi, amma jikin kamar na wani. Ƙaurin ne ya isa shagon Lirwanu.

"Mode! Mi ka ƙuna nan wajenka?" in ji Lirwanu daga kan keken ɗinkinsa.

Da bai ji amsa ba sai ya leƙo. Ya tarar da Mode ya jingina da ginshiƙin rumfar yana zamewa ƙasa, bakinsa ya karkace, miyau na zuba. Lirwanu ya fara ture dutsen daga kan rigar, sannan ya ƙwala wa 'yan tasha kira.

Kwana goma sha biyu ya yi a wani asibiti a Sakkwato. Suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ta dama. Maganarsa ta dawo cikin sati uku, tana ɗan ja. Ƙafar ma ta yarda, da sanda. Hannun ne ya ƙi. Yatsun suka dunƙule suka kwanta a cinyarsa, in yana son motsa shi sai ya ɗauke shi da na hagu. Alhaji Yusuf ya zo gida dubiya, ya ce kada wanda ya sake yi masa zancen riga. Mode ya yi godiya. Amma bayan tafiyarsa ya juya fuska jikin bango, ya ce wa Zulai tun da ya fara sana'ar nan bai taɓa ƙona wa mutum ko hula ba.

An rubuta masa zuwa sashen gashin ƙashi da motsa jiki duk sati biyu. Likitar da ke wurin wata matashiya ce mai suna Sumayya, 'yar Zariya, an ji a bakinta. Zuwan farko ta ba shi ƙwallon roba ya matsa. Zuwa na biyu ta zuba wake a faranti ta ce ya tsince ɗaya ɗaya ya mayar cikin kofi. Ya tsinci uku, na huɗu ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin gado. Mode ya ture farantin.

"Ɗiyata," ya ce, "ni ba kaza ba na. Ki bar ni in tahi gida."

Madina, da ta rako shi, ta sunkuyar da kai don kunya. Likitar ba ta ji haushi ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta tambaye shi sana'arsa. Madina ce ta amsa, ta kuma ƙara da cewa a duk Bodinga ba mai ninke kaya kamarsa.

"Ninki?" in ji likitar. "To tsaya, Baba."

Ta zaro wata tsohuwar takarda daga aljihun tebur. Ta kama kusurwa ɗaya ta kai ta gefe, ta yage abin da ya yi saura, takardar ta zama tsawonta da faɗinta ɗaya. Ta haɗa kusurwa da kusurwa, ta danne, ta buɗe, layi ya fito a tsakiya. Ta kawo gefe biyu suka haɗu a kan layin, abin ya yi tsini kamar kan mashi. Ta kifa shi, ta sake kawo gefen biyu tsakiya, ya ƙara sirancewa. Sannan ta ɗauko tsinin ta kai shi can ɗaya ƙarshen, ta lanƙwaso ɗan bakinsa baya, ta ninke duka biyu a tsaye. Daga nan ta riƙe gindin da hannu ɗaya, ta ja tsinin sama da ɗayan. Sai ga dogon wuya ya miƙe, da ɗan kai, da baki. Ta ajiye a tebur, abin ya zauna da kansa.

Ta ce fasaha ce ta mutanen Japan, origami suke ce mata, a wajen wani kwas ta koya. Tsuntsuwar kuma ta ruwa ce, fara, a ƙasashen sanyi take, babu irinta a nan.

Mode ya daɗe yana kallo. "Dinya ta," ya ce. Ya sa hannun hagu ya juya ta. "Amma karin ga bai kwanta ba. Kuma kin bar gehen ga ya ɗara wancan."

Likitar ta yi dariya har ta dafa tebur. "To Baba, ka je ka yi wadda ta fi ta, ka kawo min. Sharaɗi ɗaya: hannun dama ne zai danne kari. Ban yarda hagu ta yi masa aikinsa ba."

Ta sake yin wata a hankali Madina na ɗauka a waya, ta ba su ta farkon su tafi da ita.

Sau biyu suka ƙara komawa asibitin, daga nan zuwan ya tsaya. Ba wanda ya yanke shawarar a daina. Tafiyar ce ta fi ƙarfinsu. A ɗora shi a babur zuwa tasha, a tura shi cikin mota, a jawo ƙafar a saka, a isa a zauna a benci tun safe har azahar saboda ganin da bai wuce minti ashirin ba. In sun dawo sai ya yi kwana biyu a kwance. Madina kuma ba kullum shugaban makaranta zai ba ta izini ba. Wani satin aka ce sai na gaba, na gaban ma haka, shi ke nan.

Zulai ma ta fara kasawa. Ita ke ɗaga shi, ita ke kai shi bayan gida, ita ke yi masa wanka, ga ta ba yarinya ba. Wata safiya bayanta ya riƙe, ta kasa miƙewa daga bakin murhu. Da Madina ta ji, ta zo da mijinta Abdulganiyyu, wani mai kiwon shanu da sayar da su, suka ce Baba ya koma wajensu Shagari har Inna ta warware.

"Gidan suruki?" in ji Mode. "Ku bar ni nan in mutu da mutuncina."

Zulai na kwance a tabarma tana kallon rufi. Ya dube ta, ya dubi yadda take cije leɓe in za ta juya. Washegari ya ce a haɗa masa kayansa.

Aka ba shi ɗakin da ke jikin zaure. Farkon damina ne. Abdulganiyyu mutumin kirki ne, kullum da safe sai ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe shi kafin ya fita wajen dabbobi, kirkin nan kuwa shi ya fi damun Mode. Ba ya iya cin abinci in surukin na gida. Ba ya son a ji ƙarar sandarsa in zai zaga. Yini yake a ɗaki, ƙofa a buɗe, yana kallon ruwan indararo da kajin da ke fakewa a zauren.

Madina ta kawo masa tsofaffin takardun jarrabawa daga makaranta, cike da jan biro, da wani ɗan allo da zai ɗora a cinya. Ta yanka masa su daidai, ta jingina wayarta da kofi ta kunna masa hoton likitar. Sau biyu ya kalla ya ce ta ɗauke, ya riƙe. Kansa ya riƙe ɗin kuwa. Hannun ne bai san an yi ba.

Sai ya ɗauko hannun daman da na hagu, ya ɗora babban yatsa a kan ninkin, ya ce masa tafi. Yatsan ya yi rawa, ya zame, takardar ta cukurkuɗe. Layin farko kaɗai, wanda yaro zai yi ido rufe, ya ci masa kwana tara. Gumi yake yi kamar mai huɗa. In ya yi ninki uku sai kafaɗar ta ɗauki zugi har cikin wuya, ya jingina da bango ya rufe ido. Wani lokaci ya saci hanya ya danne da hagu, karin ya fito tsaf, sai kuma ya ji haushin kansa ya yage takardar.

A hankali ya kai ga kan mashi. Ya kai ga kifawa. Ya kai ga ninkewa biyu. Wuyan ne ya tsaya masa. Wurin nan sai hannu biyu sun yi aiki tare, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ja da sauƙi. Hannun daman bai san sauƙi ba: ko ya saki, ko ya fizga. Kwalin da ke gefen katifarsa ya cika da tsuntsaye masu yagaggen wuya. Madina kan ɗebi wasu ta hura wuta da su, ba ta faɗa masa ba, shi ma bai tambaya ba.

Ranar da ya cika wata ɗaya a gidan ya ajiye allon, ya ce ya bari. Kwana biyar bai taɓa takarda ba. Abinci ma sai ya ci loma biyu ya rufe. A rana ta shida Madina ta dawo daga makaranta a jiƙe, ga cikin wata bakwai, ga itace ya sha ruwa ya ƙi kamawa. Ta shigo ta ga kwanon safe yadda ta ajiye shi.

"Baba, ba ka ci ba kuma?"

"Na gaji, Madina. Ki bar wahal da kanki. Hannun ga ya mutu, ku ka ƙin yarda."

Ta tsaya riƙe da kwanon. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka haife ta, yanzun ma ba ta ɗaga ba.

"Ni ma na gaji, Baba. Wallahi na gaji. Yara saba'in gare ni aji guda, in dawo in iske wuta ba ta kama ba, in iske kai ma ka ƙi ci. Inna na can kwance. Su Yaya sai waya. In ka bari, ni wa za ni ce ma na bari?"

Ta fita da kwanon. Ya ji tana fyace hanci a madafa.

Kashegari da la'asar hadari ya taso ba shiri. Madina ta kwaso shanya a guje, ta watsa a kan tabarmar ɗakinsa don shi ne kusa, ta koma kwashe gero. Kayan suka zauna a gabansa tsibi guda: rigunan Abdulganiyyu huɗu, zane biyu, duk a cukurkuɗe. Mode ya kau da kai. Ya sake dubawa. Bai taɓa iya zama kusa da kaya a haka ba. Ya jawo riga ɗaya da sandarsa, ya shimfiɗa ta, ya daidaita kafaɗa da kafaɗa. Yadi ya fi takarda haƙuri, in ka fizge shi ba ya yagewa. Ya ɗora hannun daman ya shafe shi da tafin gaba ɗaya, daga wuya zuwa ƙasa, sai ya ji hannun ya bi hanyar da ya sani, a hankali, yana rawa, amma ya bi. Kaya shida, aikin da a da bai kai ya sha ruwa ba, ya kai shi har ana kiran magariba.

Da Madina ta zo ɗauka ta gan su jere a kan juna, ta tsaya. Ta ɗauke su da hannu biyu kamar masu fashewa. Da ta kawo tuwo, ya cinye.

Ya koma kan takarda, ba don ya ji wani ƙarfi ba, sai don yinin na da tsawo. Ya gane in ya riƙe gindin da dama ya ja wuyan da hagu abin zai yiwu, amma ba haka aka yi da shi ba, saboda haka ya ci gaba da yagewa. Sai wata Talata da hantsi, sati uku bayan nan, ya ja, wuyan ya taso bai yage ba. Ya matse gindin wuyan. Ya ɗaga ɗan bakin. Ya ajiye ta a kan allo, ta zauna, da jan makin wani yaro a fiffikenta, uku bisa goma.

Ya zaci zai ji daɗi. Abin da ya ji shi ne barci. Ya kwanta a wurin, bai farka ba sai azahar.

Zulai ta zo Shagari a satin, bayanta ya yi sauƙi. Madina ta nuna mata tsuntsuwar tana murna. Zulai ta juya ta gaba da baya.

"Wagga agwagwa ita ta anka yi wata biyu ana yi?"

"Dinya ta," in ji Mode.

"To Allah shi ƙara sauƙi. Malam, ka tashi mu koma gida hakanan."

Da suka koma Bodinga ya tarar rumfar ba ta zauna a rufe ba. Bilyaminu, ɗan yayan Zulai, magidanci mai 'ya'ya uku da ya bar acaba bayan ya yi hatsari, shi ya riƙe ta da izinin Zulai. Ranar da Mode ya fara lallaɓawa can da sandarsa, 'yan tasha suka taso ana ta barka. Da mutane suka watse ya matsa jikin tebur. Akwai dutse ɗaya a gefe, ba wuta a cikinsa. Ya kama mariƙin da dama. Ya ɗaga shi kamar faɗin yatsa biyu, hannun ya kama kakkarwa, murfin na ƙara. Ya mayar ya ajiye. Lirwanu, da ke tsaye a bakin shagonsa, ya juya ya shiga neman almakashin da ke rataye a wuyansa.

Bilyaminu na da ƙarfi, gugarsa na fita, amma ninkinsa na gaggawa ne. Mode ya zauna a benci yana kallonsa yana ninke wata babbar riga, ya daure, ya daure, ya kasa.

"Kawo ta nan."

"Baba, ka huta mana."

"Na huta. Kawo."

Tun daga ranar suka raba aikin ba tare da sun zauna sun tsara ba. Bilyaminu ya goge, ya miƙo; Mode na zaune da wani faffaɗan katako a gabansa, ya ninke. Ba ya sauri. In kaya sun yi yawa Bilyaminu kan faki idonsa ya ninke ƙananan da kansa, Mode na gani ya yi kamar bai gani ba.

Bayan Madina ta haihu an yi suna, Mode ya ce shi fa sai ya koma asibiti, akwai alkawari. Ya zaɓi farar takarda marar rubutu, ya yi kwana biyu yana yin wadda ta gamshe shi, gefe bai ɗara gefe ba, karin kamar an sa dutse. Ya saka ta a gwangwanin madara don kada ta lotse. Lirwanu ya rufe shago ya raka shi. Suka zauna a bencin nan tun safe. Da aka kira sunansa ya shiga, sai ya tarar da wani likita namiji a kujerar, Khalid sunansa. Ya ce likita Sumayya ta tafi ƙarin karatu tun wata uku da suka wuce, ba a san ranar dawowarta ba. Ya duba kati, ya ce Mode ya matse masa yatsu, ya ɗaga hannu, ya sauke. Ya ce an samu ci gaba sosai, a ci gaba da abin da ake yi. Mutumin kirki ne, amma akwai mutum ashirin a waje, idonsa na kan ƙofa.

"Akwai wani abu, Baba?" ya tambaya, ganin gwangwanin.

"Babu," in ji Mode. "Na gode."

A mota Lirwanu ya ce ai da ya nuna wa likitan dinyar. Mode ya ce ba da shi aka yi ba. Gwangwanin na nan a kan taga a ɗakinsa, Zulai ta ɗora kwalbar man zafi a kai.

Yanzu shekararsa sittin da biyu. Yakan fito da hantsi, in rana ta take ya koma. Mutanen Shagari da ke aiko da kaya sun ragu, saura biyu ko uku. Wasu sun mutu, wasu sun sami mai dutsen lantarki kusa da gida. Da safe kafin ya fita yakan ninke takarda ɗaya ko biyu don yatsun su saki, in ba haka ba sai su yini a dunƙule. Ba kullum yake kai wa ga wuyan ba. Wani lokaci a kan mashi yake tsayawa, ya ajiye, ya nemi takalminsa.

Kwanan baya ƙanensa Nura ya zo daga Dingyadi a babur, da damin sabon gero a baya. Suka zauna a tsakar gida. Nura ya ce ɗakin mahaifinsu na nan an sake masa rufi, ba kowa a ciki. Ya ce Yaya ya dawo gida hakanan, 'ya'yansu sun isa noma, ba za a rasa abin da za a ci ba, ga 'yan'uwa, ga masallaci a ƙofar gida ba sai ya yi tafiya ba.

"Aikin mi ya rage maka nan, Yaya? Ka yi naka."

Mode ya ce zai duba. Suka yi zancen ruwan bana da wanda ya rasu da wanda ya aurar. Nura ya sha fura, ya yi sallama, ya tayar da babur.

Zulai na sussukar geron a turmi, ta tsaya.

"Malam, mi kac ce? Ni dai in ta ni ta, mu tahi."

"Bari Sallah ta wuce. Kaya za su yi yawa, Bilyaminu ba ya iyawa shi ɗai."

"Ran da Madina tay yi maka zancen ga bara, haka kac ce."

Mode ya miƙe da sandarsa. Ya jawo tabarma zuwa inda inuwa ta koma, ya dafa bango ya zauna, sannan ya kwanta a ɓarin hagu. Ya ɗauko hannun daman ya ɗora a kan cinyarsa. Ya ce in an kira la'asar ta tashe shi.